Ƙanena ya faɗa shan taramol a Legas, Kawu ya ce sai gidan mari

Assalamu alaikum, Malam. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko ƙanena daga gida don ya samu abin yi, shekararsa 23. Ya fara dako, yana sauke buhuna daga tirela, a nan abokan aiki suka koya masa taramol, wai maganin gajiya. Da farko guda ɗaya yake jefawa a shayi da safe, yanzu ban san iyakar abin da yake sha ba, kuma an ce da dare yana ƙarawa da roci don ya samu barci. Ya rame, ba ya cin abinci, asuba ta gagare shi. Ya ɗebi kuɗina, ya sayar da wayar matata. Na yi faɗa, na yi duka, na sa shi ya dafa Alƙur'ani, bai yi sati ba ya koma. Watan jiya ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana jijjiga, kumfa na fita daga bakinsa, mutane suka ce iska ce. Kawunmu ya ce a ɗaure shi a kai shi gidan mari. Matata ta ce ko shi ko ita. Innarmu ba ta sani ba, duk sanda ta kira sai in ce lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci nakan ji kamar in saka shi a mota ya koma gida in huta. Ni na kawo shi garin nan, abin yana cin raina. Ina mafita?

Wani yaya, Mile 12, Legas

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ka ladan riƙon da kake yi. Ka jero abubuwa da yawa, kowanne da nauyinsa, amma akwai guda ɗaya da ba ya jiran gobe, shi ne faɗuwar nan ta kasuwa. Da ita zan fara.

Ba iska ba ce, aikin ƙwayar ne. Likitoci sun daɗe da sanin cewa taramol in ya yi yawa a jiki yana tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba tunda aka haife shi. Wanda hukumar NAFDAC mai kula da magunguna ta amince da shi mai lamba 50 ne da mai lamba 100, wato miligiram, kuma ko majinyacin da ke fama da ciwo mai tsanani ba a yarda ya wuce miligiram 400 a wuni ba. Wanda ke yawo a aljihun 'yan dako da 'yan acaɓa kuwa 200 ne, 225, har 250. Kai ɗan kasuwa ne, lissafa da kanka: ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta tsallake iyakar wuni guda, kuma wanda ya kai inda ƙanenka ya kai ba kasafai yake tsayawa a biyu ba. Ba ma kowane abin da mai sayarwa ya miƙo ne yake zama taramol ba. Da aka matsa wa taramol lamba, sai masu safara suka koma shigo da wata ƙwaya daga Indiya da aka haɗa tapentadol, wanda ya fi taramol ƙarfi, da wani maganin saki jijiyoyi, ana sayarwa a gurbinsa. Sai da BBC ta bankaɗo lamarin a watan Fabrairun 2025 sannan gwamnatin Indiya ta hana haɗa su. Wato shi kansa yaron bai san abin da yake haɗiya ba.

Roci ya fi tayar min da hankali. Maganin barci ne mai nauyi, shi ne mai shuɗanta harshen nan, kuma shi da taramol duka suna danne numfashi. In suka haɗu a cikin mutum da dare, yana iya kwanciya numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya, na kusa da shi yana jin minshari yana cewa gajiyar dako ce.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau, ka koya wa maiɗakinka da duk wanda ke kwana kusa da shi, da wani abokin aikinsa da ka yarda da hankalinsa. In ya sake faɗuwa yana jijjiga, a janye benci da baro da duk abin da zai buge shi, a saka masa buhu ko riga a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja, huhunsa za su tafi. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta tsaya ta sake dawowa, asibiti za a nufa ba jira. In kuma da dare ka girgiza shi, ka kira sunansa, shiru, numfashi sai jefi-jefi, leɓe da farce sun yi duhu, baƙin idon ya tsuke ƙwarai, to wannan ba barci ba ne. Ka kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas, ko ka ɗauke shi a duk abin hawan da ya samu zuwa asibiti mafi kusa. Ka laluba aljihunsa ka tafi da kwalin abin da ya sha, ka faɗa wa likita gaskiya. Akwai allura mai suna naloxone da ke kwance wannan dannewar numfashi, amma likita ba zai yi saurin ɗauko ta ba in kun tsaya kuna cewa zazzaɓi ne saboda kunya.

Yanzu rantsuwar. Na san yadda ta yi maka ciwo. Kana ganin yaron da ya dafa Littafin Allah ya saɓa ba sauran alheri a tare da shi. Ni ina kyautata zaton lokacin da ya rantse da gaske yake yi, abin da ya same shi washegari ne kai ba ka gani ba. Taramol dangin kodin ne, in jiki ya saba da shi wata da watanni sai ya daina tafiya daidai in babu shi. Kafin wuni ya zagayo bai sha ba, hamma za ta fara, hanci na zuba, ido na hawaye. Sai ciwon gaɓoɓi, ciki na murɗawa, gudawa, zufa da sanyi lokaci guda. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, dare ya raba ido biyu, ga wata fargaba da ba ta da dalili. Ya kuma san ƙwaya ɗaya za ta ɗauke duk wannan kafin awa guda, mai sayarwar yana nan bayan teburin mai shayi. Ga tirela ta iso, ga buhu na jira, in bai ɗauka ba babu kuɗin abinci. A wannan mataki daɗin ya daɗe da ƙarewa, yana sha ne don ya iya miƙewa.

Ban faɗi haka don in wanke shi ba. Shan abin da ke gusar da hankali haramun ne, sata kuma sata ce, shi ma ya sani. Na faɗa ne don ka ga cewa duka da rantsarwa ba sa taɓa inda ciwon yake. Kada ka sake rantsar da shi, nauyin kaffara kawai kake ɗora masa, tare da tabbatar masa a zuci cewa shi ɓatacce ne. Wadda ya riga ya saɓa, ya tambayi malami yadda zai yi kaffararta in ya samu kansa. Duka kuwa ka daina daga yau. Saurayi mai shekara 23 da yayansa ya mara bai koyi komai ba sai iya ɓoyewa. Kuma kada ka kulle shi a ɗaki ka ce ya daina lokaci guda. Wanda jikinsa ya saba da roci in ya yanke shi rana ɗaya, yankewar kanta tana iya kawo jijjiga mai haɗari. Likita da kaɗan-kaɗan yake ragewa, yana ba da abin da zai sassauta gudawa da ciwon jiki da rashin barci har kwanakin farko su wuce.

Wannan ya kawo mu maganar Kawu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, abin da ya tashi ya ga ana yi ke nan, kuma shi ma yana son yaron. Amma ban yarda ba, kuma ina roƙonka kada ka yarda. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata mai bi aka buɗe wani a Daura, daga baya har a Ibadan. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna ganin gyara ake yi. Ka ɗauka ma an samu gidan da ba a duka. Wa zai duba shi in jijjiga ta kama shi tsakar dare da mari a ƙafa? Mari yana raba mutum da ƙwaya muddin yana ɗaure, ranar da aka kwance shi zai fito da ƙishirwarsa yadda take, da ƙarin ƙullin zuci a kan wanda ya kai shi. Addu'a da karatun Alƙur'ani da zama da malamin kirki duk ina goyon baya, kuma ba sa buƙatar sarƙa.

Kada ka yi wa Kawu musu gatsal. Ka kira shi ka ce, "Kawu, na ji shawararka, na gode. Amma faɗuwar da ya yi likitoci sun san ta, daga ƙwayar take, kuma tana kisa. Ina neman alfarma a ba ni dama in fara da asibiti, ku kuma ku taya mu da addu'a da abin da ya samu." Dattijo in aka ba shi girmansa aka ba shi aiki, da wuya ya tsaya a kan bakansa.

Saka shi a mota kuwa ba hutu ba ne, sauke kayan kawai za ka yi a kan tsohuwa. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu irin su taramol da kodin suka sha. Gaskiya ne a binciken Legas tana cikin inda abin ya fi yawa, kusan kashi 33 cikin ɗari, amma Kano ma tana da kashi 16. Babu tashar motar da zai sauka a Arewa ya rasa mai sayarwa. Komawa gida yana iya zama alheri daga baya, in ya samu sauƙi, akwai gona ko sana'a da ke jiransa, akwai kuma asibitin da zai ci gaba da zuwa, kamar na Kware a Sakkwato, na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano. Kuma tun kafin wani ya kawo maka shawarar a yi masa aure ya nutsu, ka ce a'a. 'Yar mutane ba magani ba ce, zalunci ne a miƙa ta ga wanda bai iya riƙe kansa ba tukuna.

Waɗannan lambobi kuma su ne amsata ga "ni na kawo shi." Ka kawo shi neman halal ne, ka ciyar da shi, ka ba shi wurin kwana. Abin da ya kama shi ya kama miliyoyi, har da waɗanda ba su taɓa barin ƙofar gidan ubansu ba. Ka ajiye wannan zargin, domin shi ne ke sa ka yi duka yau, gobe tausayi ya kama ka ka miƙa masa kuɗi.

A Legas kake, kuma a wannan fanni ka yi dace. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, yana da sashen masu shaye-shaye, kuma daga Mile 12 titin Ikorodu ne miƙaƙƙe, ta Ketu da Ojota da Maryland har Jibowu. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, cikin 'yan'uwanmu Hausawa, yana da likitocin wannan fanni, haka LASUTH a Ikeja. Akwai kuma asibitin Aro a Abeokuta, wanda ya daɗe da suna wajen jinyar shaye-shaye. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta buɗe layin kira kyauta a 2022, 0800 1020 3040, na masu neman taimako ne da iyalansu, masu ba da shawara ne ke ɗauka. Ka kira ka nemi a haɗa ka da mai jin Hausa.

Na san abin da ke zuwa zuciya da an ce Yaba: asibitin mahaukata. Ƙanenka ba mahaukaci ba ne, kuma yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma gida. Ba kowa ake kwantarwa ba, likita ne zai duba ya ce wanne ya dace da shi. Shawarata ka fara zuwa kai kaɗai. Ka je ka ga wurin, ka tambayi ranar ganin likita, kuɗin kati da na gwaji da na gado in ta kai ga haka, don kada ranar da yaron ya ce "mu je" ta same ka kana lalube. Irin wannan rana ba ta daɗewa, in ya yarda da safe yana iya sauya ra'ayi kafin la'asar. In Turanci ko Yarabanci yana ba ka wahala, ka ɗauki wanda ka amince da bakinsa ya raka ku. Akwai kashe kuɗi, ba zan ɓoye maka ba, amma ka auna shi da abin da ya riga ya salwanta daga jakarka.

Sai yadda za ka shawo kansa, kuma a nan nake son ka fi natsuwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 kan iyalan mashaya giya da suka ƙi zuwa jinya, an gwada hanyoyi uku, ga biyu daga ciki. Iyalan da aka shirya su taru su titsiye mai shan, kashi 30 cikin ɗari ne suka samu ya tafi jinya. Waɗanda aka koya wa sauya yadda suke mu'amala da shi kullum, su yi magana cikin sanyi a lokacin da ya dace, su daina rufe masa ɓarna, su nuna jin daɗi a duk ranar da bai sha ba, kashi 64 suka samu. Ba Hausawa aka gwada ba, ba kuma taramol ba ne, amma zuciyar ɗan'adam ba ta son a ƙure ta ko a ina.

Kada ka tare shi yana cikin caji, kada kuma ka tare shi da sassafe jiki na nema. Ka nemi lokacin da ya ci abinci hankalinsa na jikinsa, ku kaɗai, ba a gaban matarka ba, ba a gaban 'yan kasuwa ba. Ka kira shi da sunan da Inna take kiransa. Kada ka fara da sata, kada ka fara da kalmar ɗan ƙwaya. Ka fara da abin da ya tsorata shi shi ma. Ka ce, "Ranar da ka faɗi, da na iso na gan ka a ƙasa, na ɗauka na rasa ka. Har yau ban daina ganin abin ba. Abu ɗaya nake roƙonka, ka bi ni mu je likita ya duba wannan faɗuwa. Ni zan biya, ni zan zauna tare da kai." Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da abin da zai faɗa bai yi maka daɗi ba. Tambaye shi me ƙwayar take yi masa, yaushe ya fi jin buƙatarta. Wataƙila ka ji bayansa ne ke ciwo tun watannin farko na dako, ko rasuwar Baba ce ba ta sake shi ba. In ya ƙi, kada ka tashi da fushi. Ka ce maganar tana nan, ka sake ɗauko ta bayan kwana biyu. In kuwa ka taɓa jin ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu kowa ya huta, kada ka ɗauke ta maganar buguwa. A ranar za ku ga likita.

Taushin baki bai hana tsaurin hannu ba. Daga yau kada tsabar kuɗi ta sake fita daga hannunka zuwa nasa. Abinci, ka biya mai abinci da kanka. Sabulu, aski, kuɗin mota, ka saya ko ka biya. Jakar ciniki ta daina kwana inda hannunsa zai kai, lambar sirrin wayarka da ta katin banki ka sauya. In mai sayar masa ya biyo bashi, kada ka biya ko sisi, ranar da ka biya ka buɗe masa asusu ke nan. In ya yi wa wani ɓarna, ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, kada ka riga shi.

Maiɗakinka tana da gaskiya, ka faɗa mata haka. Mace ce a garin da ba danginta, cikin ɗakin haya, tana zaune da namiji baligi da ba koyaushe yake cikin hayyacinsa ba, kuma an ɗauke mata waya. "Ko shi ko ita" maganar wadda ta gaji ce tana jin ba a ganin ta. Ka saya mata waya, ka ba ta haƙuri, ka rubuta kuɗin bashi a kan ƙanenka ya biya a hankali daga guminsa. Ku zauna ku biyu ku yanke iyaka, sannan ka faɗa masa a fili: ƙwaya ba ta shiga gidan nan, wanda ya sha ba ya kwana cikin yara. Wannan ma kariya ce gare ku, domin in jami'ai suka samu ƙwaya a ɗakinka, kai za a fara tambaya. In ya taɓa ɗaga mata hannu ko ya tsorata yara, ya bar gidan a ranar, ba ja-in-ja. Amma barin gida ba kora cikin duniya ba ne. Ka nema masa wurin kwana kusa, wajen wani dattijo na masallacinku ko ɗan garinku mai kamun kai, ba rumfar da ya koyo abin ba. Abincinsa yana nan, rakiyar asibiti tana nan.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne aikin. Mun san yadda dako yake a Mile 12: mota ta iso tsakar dare ko da asuba, ana biya a kan buhu, wanda ya fi gudu ya fi samu, kuma rabin abokan layi da abinsu a aljihu. In an yi masa jinya ka mayar da shi ƙarƙashin wannan buhu, cikin waɗannan abokai, ka mayar da shi bakin ƙwaya. Ko yanzu ma, mai faɗuwa ba shi da hurumin hawa saman tirela ko tsallaka titi da kaya a ka. Kana da rumfa, ka zaunar da shi kusa da kai yana tsince albasa, yana kasawa, yana aunawa, kuɗi kuma kai ke karɓa. In zaman ku biyu ba zai yi daɗi ba, ka roƙi wani abokin kasuwa mai haƙuri ya riƙe shi, ka faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki. Kada dai ya zauna hannu rabbana, zaman banza ya fi dakon haɗari.

Ita kuma Inna, ka faɗa mata. Na san kana tsoron hawan jininta da hawayenta, kuma rufin asiri abu ne mai kyau. Amma kai ka fi ni sanin albasa: wadda ta fara laushi ba a barin ta a ƙasan buhu a ɗinke baki, zazzagewa ake yi a baza ta sha iska. Ƙaryar "lafiyarsa ƙalau" ƙwayar take karewa, ba yaron ba, kuma ta bar ka kai kaɗai da kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka yi tunanin ta ji labarin daga bakin wani direba, ko kuma, Allah ya kiyaye, ta ji wanda ya fi wannan muni ba tare da an taɓa ce mata komai ba. Ka kira lokacin da wata 'yar'uwa mai hankali take kusa da ita. Ba sai ka zayyana sata da kumfa ba. Ka ce, "Inna, wurin aiki ya saba da wani maganin gajiya, ya zame masa ciwo, ina kai shi asibiti. Addu'arki muke so, kuma ki riƙa kiransa." Sannan ka roƙe ta abu ɗaya da babbar murya, kada ta yi masa baki komai zafin rai.

In ita ko Kawu suka ga kamar sassauci ne ya yi yawa, ka tuna musu abin da Bukhari ya ruwaito. Akwai wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. An yi masa hukuncin da hukuma ke yi, amma da wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Asubar da ta gagari ƙanenka, ka riƙa tashinsa ba tare da gori ba. Ranar da ya tashi ku tafi masallaci tare, ka saya masa shayi da burodi a hanyar dawowa, ka bar shi ya ga farin cikin a fuskarka.

Kai ma ka kula da kanka. Ka samu mutum ɗaya ko biyu da za ka riƙa faɗa wa abin da ke ranka, ka ci abinci, ka yi barci, kada jarinka ya narke a wannan hidima har 'ya'yanka su rasa. Ka ware abin da za ka iya kashewa a wata, sauran dangi su kawo nasu.

Ka shirya wa komawa tun yanzu. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar shaye-shaye sukan sake sha, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma ke samun ciwonsu ya motsa. In hakan ta faru, jinyar ba ta tashi a banza ba, kuma ba hujja ba ce ta a ɗauko mari. Sai dai akwai haɗari na musamman da nake son shi ma ka gaya masa tun yana cikin hankalinsa: wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba, in ya koma ya haɗiyi adadinsa na da, shi ne lokacin da aka fi rasa rai. Ranar da ka ga alamar ya koma, ka ajiye faɗa sai wani lokaci. Ka kwana kusa da shi a daren kana sauraron numfashinsa, gari na wayewa ka kira asibitin a matso da ranar ganin likita. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna.